Daga Agadas Zuwa Gadon Dije

Da sunan Allah na ɗauki biro, ko da yake ni ba mai yawan karatu ba ne. Aji huɗu na yi aka mayar da ni gona, daga baya na samu aikin masinja a Gwiwa, a nan hannuna ya ɗan saba da takarda. Abin da zan rubuta shi ne yadda jinyar matata Dije ta kasance a daminar bara, da kuskuren da na yi a ciki. Duk mai ɗa a nesa ya karanta, ya kiyaye.

Shekara arba'in da shida muka yi da Dije. 'Yar Fulanin bayan duwatsun Roni ce. Na fara ganinta tana kawo nono kasuwa, ƙwarya uku a kanta, ba ta ko riƙe su da hannu. A lokacin nan ina da keke sabo, mai ƙararrawa biyu. Ran kasuwa sai na wanke shi na je na tsaya kusa da masu nono kamar ina jiran wani. Furar da na sha a shekarar nan ba don yunwa ba ce. Bayan mun yi aure ta ce mini tun ranar farko ta gane ni, wai babu mai jiran mutum yana danna ƙararrawa ba dalili.

Ɗanmu na fari shi ne Habu. A gidansu Dije ana tsananta kunyar ɗan fari, kuma ta zo da abinta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa. Da aka yaye shi mahaifiyata, wadda muke kira Iya, ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Shi ya sa Dije take ce masa yaron Iya, shi kuma yake ce mata Adda, kamar yayarsa ce. Amma na sha kama ta tana zuba man shanu a ƙasan kwanon da za a kai ɗakin Iya, ta rufe da tuwo don kada a gani. Idan ya yi zazzaɓi ba ta shiga ɗakin, sai ta yi ta shara a bakin ƙofar har ƙasa ta yi rami.

Habu ya tashi da son ƙarfe. Ya koyi kanikanci a Kazaure, sai wani direba ya ce masa a Agadas, can cikin hamadar Nijar, ana neman masu gyaran manyan motoci. Ni kuwa ina so ya zauna mu yi noma. Muka yi ta ja. Ranar da zai tafi na gaya masa magana a gaban mutane. Na ce ya je, na rayu kafin a haife shi, kuma ba zan taɓa neman komai a hannunsa ba. Ya sunkuyar da kai ya ɗauki jakarsa. Dije tana bakin murhu, ba ta juyo ba.

Daga baya mun shirya, irin shirin da ba a zauna an yi magana ba. Yana bugo waya duk Juma'a, yana zuwa da babbar Sallah in ya samu hali. A zuwansa na ƙarshe muna zaune a ƙofar gida, maƙwabta suka tambaye shi nisan Agadas. Ya fito da wayarsa ya nuna mana taswira, ya ja layi da yatsa daga can zuwa Gwiwa. Ya ce, "Kun ga, a miƙe babu nisa. Da jirgin sama zai taso ya biyo layin nan, awa ɗaya da 'yan mintoci ya iso."

Ya faɗi wasu abubuwa bayan wannan, game da hanya da motoci, amma ni awa ɗayan nan na riƙe. Ban taɓa shiga jirgi ba. Na ɗauka kamar tasha ce, ka je ka biya ka hau. Daga ranar na daina ganin Habu a matsayin wanda yake nesa.

Ciwon ya fara ne bayan mun gama shuka. Makon farko ƙafafunta suka kumbura, silifas ya daina shiga. Ta ce tsayuwar gona ce. Na karɓo mata ƙwayoyi a kemis. Mako na biyu fuskarta ta fara tashi da safe, idanun su yi ƙanana. Mako na uku ta daina son warin miya, ko ruwa ta sha sai ta mayar. Har a lokacin tana rarrafawa ta dama mini kunu, ni kuma ina karɓa ina sha. Wannan ma yana cikin abin da nake neman gafara a kai.

'Yarmu Rakiya, wadda take aure a Kazaure, ita ta zo ta gan ta. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Baba, haka za a zuba mata ido? Wallahi yau ba za ta kwana a garin nan ba."

Washegari da sassafe muna asibiti a Kazaure. Mun yanki kati, muka zauna a benci tun rana ba ta yi zafi ba har aka kira azahar. Dije ta jingina da kafaɗar Rakiya, ni ina ta kai da kawo tsakanin tagar kati da ɗakin gwaji. An ɗebi jini, an karɓi fitsari, aka ce mu dawo jibi. Da muka dawo, likitan, wani matashi mai haƙuri, ya tambaye ta ko tana yawan ciwon kai. Ta ce shekara da shekaru. Ya dube ni. Ni ban sani ba. Ya ce hawan jini ne ya daɗe a jikinta ba a kula ba, har ya taɓa ƙoda. Kalmarsa da ta zauna mini ita ce, "Baba, ƙodar ta gaji." Ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Kano.

Ranar Juma'ar makon Habu ya bugo. Ya gaishe ni, ya tambayi gona, sannan ya ce, "Ya su Adda?"

Na ce, "Lafiya lau. Ɗan zazzaɓin damina ne ya taɓa ta, amma da sauƙi."

Rakiya tana tsaye tana jina. Da na kashe ta ce, "Baba, zazzaɓi?"

Na ce, "Ke yarinya ce. Ba a tayar wa mutumin da ke nesa hankali. In abu ya yi tsanani, awa ɗaya ce, ya hau jirgi ya zo." Na kuma hana ta gaya masa. Ta yi mini biyayya, kuma na san har yau abin yana cinta.

'Yan dubiya suka fara zuwa, kowa da maganinsa. Wata ta kawo sassaƙe, wani ya kawo rubutu, wata ta ce a daina ba ta gishiri, wannan kam likita ma ya faɗa. Sai ga Buba, ƙanin Dije, ya taso daga ruga da sandarsa. Ni da shi tun ina saurayi muke tsokanar juna, Kaɗo yake ce mini, wato Bahaushe.

Ya ce, "Kaɗo, an ba ka saniya da ƙibarta, dubi yadda ka mayar da ita."

Na ce, "Shekara arba'in da shida ina kiwonta, ku da kuka iya kiwo ina kuka shiga?"

Dije ta yi dariya har tari ya kama ta. Buba ya ce shi ya ji nonon raƙumi yana wanke ciki, kuma ga ɗa a garin raƙuma, me ake jira? Na ga dama ta samu da zan nemi abu ba tare da na faɗi gaskiya ba. Na kira Habu na ce wani maƙwabcinmu ne ba shi da lafiya, a taimaka masa da nonon raƙumi. Ya ce to, gobe akwai direban da zai taso.

Kwana biyar kafin jarkar ta iso hannuna. Ta kumbura kamar za ta fashe, da muka buɗe sai tsami ya cika tsakar gida. Buba ya toshe hanci ya ce, "Wannan ko kare aka ba wa sai ya kai ƙara." Muka zubar muna dariya. Mai hankali da ya tsaya ya yi tunani, ya ce abin da ya ɗauki jarka kwana biyar, mutum fa? Ni ban yi ba. Na ce ai jarka mota ta biyo.

A mako na biyar muka fara zuwa Kano. Aka ce sai an riƙa yi mata wankin ƙoda sau biyu a mako. Inji ne ake haɗa mutum da shi, jininsa ya fita ya zaga ya dawo. Ranar farko da na ga jinin Dije yana bin roba sai da na fita waje na zauna a ƙasa. Injinan ba su da yawa, masu jira kuwa daga ko'ina. Wata rana mu je tun safe a ce sai la'asar, wata rana a ce yau ba za a kai kanmu ba. Akwai ma'aikacin da ya daka mini tsawa don na tsaya a inda ba a tsayawa, ni da furfurata, kuma babu wanda ya nuna mini inda ake tsayawar. Akwai kuma wata nas da take kiran Dije Innata, take gyara mata ɗankwali kafin a haɗa ta da injin. Ban san sunanta ba. Allah ya san ta, ya saka mata.

Shanun huɗata biyu suka tafi a makonni uku. Ban gaya wa kowa ba, amma Buba ya ji. Ran nan ya zo gidan Rakiya, inda muka tare saboda ya fi kusa da Kano, ya ajiye ƙunshi a ƙarƙashin tabarmata. Saniya ya sayar. Na buɗe baki zan yi godiya ya ce, "Rufe bakinka, Kaɗo, ba don kai na yi ba." Mijin Rakiya kuwa shi ya bar mana ɗakinsa ya koma zaure. Waɗannan mutane ba ni da abin biyansu.

Kwanakin da ba mu zuwa Kano, da yamma mukan fito da ita tsakar gida ta sha iska. Daga nan ana hango duwatsun Kazaure, sun yi kore saboda ruwa. A nan muka yi hirar da ba mu yi ba a shekaru masu yawa. Ta tuna mini ranar da na ɗauko ta a keke daga Roni muka faɗa cikin rafi, ƙwaryar aurenta ta bi ruwa ina binta da gudu. Ta tuna shekarar da gero ya yi kyau har muka rasa rumbu, muka zuba a ɗakin Iya, tsohuwa ta yi wata guda tana kwana a kan dami. Ta tuna yadda dam ɗin Kazaure yake cika har mata su je kallo. Sai a tsakiyar hira ta ce, "Malam, can arewa ma ruwa ya sauka kuwa?"

Na ce, "Wa ya sani. Can ai hamada ce."

Bayan kwana biyu ta sake tambaya. Wani makon ta ce, "An ce can rana tana da zafi. Ko suna samun nono mai kyau?" Wata rana jirgi ya wuce ta samanmu, can ƙololuwa, ya bar farin layi. Ta bi shi da ido har ya ɓace, ta ce, "Wannan ina ya nufa?"

Na gane. Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka ban gane ba. Shekara arba'in da shida na san yadda Dije take tambayar ɗanta. Sau ɗaya na ce mata, "Ko na kira yaron Iya ya zo?"

Ta kawar da kai ta ce, "A'a. Yana kan nemansa, kada a tayar da shi."

Abin da za ta faɗa ke nan ko da wuƙa ce a wuyanta. Tarbiyyarta ba za ta bar ta ta ce tana son ganinsa ba. Aikina ne na ji a'a ɗin nan na yi abin da ya kamata. Sai na karɓe ta hannu biyu, saboda ta yi daidai da abin da nake so. Gaskiyar ita ce ina jin nauyin maganar da na gaya masa ranar da zai tafi. Ba na so ya zo ya tarar na sayar da shanu, ya sa hannu a aljihu, mutanen da suka ji ni a ranar su gani. Na ce bari ta ɗan samu sauƙi tukuna, ya zo ya same mu a tsaye.

A mako na tara jikin ya rikice. Shaƙuwa ta kama ta ba ta tsayawa, numfashi ya yi nauyi, aka ba mu gado a Kano. Ranar Litinin da hantsi babban likitan ya kira ni gefe. Ya ce, "Baba, muna iya ƙoƙarinmu. Amma in akwai wanda ya kamata ya gan ta, a kira shi yau."

Na fita ƙarƙashin wata bishiya na kira Habu. Na gaya masa komai a tsaye, ƙoda, inji, shanu, har nonon raƙumin. 

Ya ce, "Tun yaushe, Baba?"

Na ce, "Wata biyu. Ka bar wannan yanzu. Ka je ka hau jirgi, in Allah ya so kafin la'asar kana nan."

Ya ce, "Wane jirgi?"

Na ce, "Wanda ka nuna mana. Na awa ɗaya."

Ya ce, "Baba, cewa na yi da akwai. Babu jirgin da yake tasowa daga nan ya zo Kano. Wanda ake samu Yamai yake zuwa, shi ma ba kullum ba, daga can kuma sai na sake neman wani ya zaga da ni. Mota ta fi sauri. Motocin yau kuma sun riga sun tashi." Sannan ya ce, "Da ka gaya mini ko da makon jiya ne."

Ya samu mota ranar Talata da asuba. Da rana ya bugo ya ce an yi ruwa mai yawa a daji, wani kwari ya cika ya yanke hanya, motoci sun yi layi suna jiran ruwan ya janye. Daga nan wayarsa ta daina shiga. Na yi ta dannawa har Rakiya ta karɓe wayar daga hannuna.

Ranar Laraba Dije ta ɗan farfaɗo. Rakiya ta sunkuya ta ce, "Inna, Yaya Habu yana hanya."

Ta buɗe ido ta ce, "Wa ya tayar da shi?" Can ta ce, "Hanyar nan da yunwa. A nemi fura a ajiye masa, kada a sa sukari da yawa." Sannan ta sa Rakiya ta ɗaga mata kan gadon yadda za ta riƙa ganin ƙofa. Duk wanda ya turo ƙofar nan sai ta duba, in ta ga ba shi ba ne ta mayar da ido kan bango kamar ba komai. Da yamma ya samu ya bugo daga Damagaram, ya ce gobe da wuri zai biyo ta Magarya ya shigo ta Babura. Na sa mata wayar a kunne. Na ji yana cewa, "Adda, Adda, sannu." Leɓenta ya motsa, amma a lokacin magana ta fara yi mata wuya.

Ta cika ranar Alhamis da hantsi, Rakiya tana riƙe da hannunta, ni ina karanta mata kalmar shahada. Allah ya ba ta ikon motsa baki da ita.

Muka kawo ta gida Gwiwa. An gama wanka da sutura kafin azahar. Na roƙi liman a ɗan jira, ɗanta yana hanya. Ya ce ba a son jinkirta gawa, amma za a jira zuwa la'asar. Wayar Habu ba ta shiga. Daga baya na ji an tsayar da motarsu a bakin iyaka ana bincike. La'asar ta yi, hadari ya haɗo daga gabas, masu haƙa suka aiko cewa in ruwa ya sauko kabarin zai cika. Buba ya dafa ni ya ce, "Malam, a kai ta." Ranar ce kaɗai bai ce mini Kaɗo ba.

Mun dawo daga maƙabarta da kamar awa ɗaya, muna zaune a ƙofar gida, sai ga babur ya tsaya. Habu ya sauko, kayansa duk laka. Ya dubi tabarmin da aka shimfiɗa da mutanen da ke kai, bai tambayi komai ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi mini ta'aziyya kamar yadda kowa ya yi.

Ku da kuke da 'ya'ya a Agadas ko Libiya ko Makka ko Legas, abin da zan ce muku kaɗan ne. "Da sauƙi" gaisuwa ce, ba labari ba ne. In ciwo ya kai mako biyu ku faɗa musu gaskiya, su suka san hanyarsu da kwanakinta, su za su yanke shawara. Ku auna hawan jinin matanku ko ba su yi ƙorafi ba. In kuma uwa mai kunya ta ce kada a kira ɗanta, ku kira shi.

Washegari da safe na raka Habu maƙabarta. Ƙasar ta jiƙe da ruwan jiya. Ya daɗe a tsugune yana addu'a. Da ya shafa, bai tashi ba, bai kuma dube ni ba, ya ce, "Baba, ta ambace ni?"

Na so na ce masa ta kira sunansa. Babu wanda zai ƙaryata ni. Amma ƙaryar da na yi masa ta isa. Na ce, "Ba ta faɗi sunanka ba. Ka san ta. Amma tun da muka koma Kazaure take tambayata ko ruwa ya sauka a can wajenku. Ta tambaya ya fi sau goma."

Ya gyaɗa kai. Ya sa hannu ya gyara wani dutse da ya karkace a gefen kabarin. Ya ce, "Ruwa ya sauka, Baba. Bana an yi ruwa sosai. Me ka ce mata?"

Na ce, "Na ce mata ban sani ba."

Ya ce, "Da ka tambaye ni."

Allah ya jiƙan Dije, ya sa ciwon ya zama kaffara. Ni kuma wanda ya karanta ya roƙa mini gafara.